Me ke murɗa zaren kabon: ƙwayar ƙarfen ko saƙar jikinsa?

Malam Sani: Kan siraran zaruruwan kabon da ake haɗawa a ɗakin gwaji, waɗanda wasunsu ke fitowa a murɗe, ni dai ina nan kan bakata, ƙwayar ƙarfen da zaren ke tsirowa daga jikinta ce ke murɗa shi. Ana tura iskar asitilin, irin ta masu walda, kan garin ƙarfe mai zafi wajen digiri 700. Iskar ta tarwatse, kabon ya narke cikin ƙwayar, ya ratsa ta, ya fito ta ɗaya gefen a matsayin zare. To fuskokin ƙwayar ba ɗaya ba ne, wata ta fi wata saurin fitar da kabon. Masanin kimiyya Amelinckx da abokan aikinsa sun yi wannan bayanin tun 1994.

Hauwa: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ban gamsu ba. Bangon bututun kabon saƙa ce ta zobba masu kusurwa shida, kamar saƙar zuma, kuma irin wannan saƙar miƙewa take yi. Ba ta lanƙwasa sai an sami zobe mai kusurwa biyar a bayan gwiwar da mai kusurwa bakwai a cikinta. Masu bincike Ihara da Itoh sun nuna haka da lissafin kwamfuta a 1993. Ina ƙarfe ya shigo nan?

Malam Sani: 'Yata, tsaya gaban injin taliya ki duba. In kwaɓin ya fi gudu ta gefe ɗaya na hujin, silin ba ya sauka a miƙe, nannaɗewa yake yi. Zobbanki gaskiya ne, amma wa ya sa suke faɗowa bi da bi, a tazara ɗaya, har tsawon zaren? Wannan tsarin daga bakin ƙwayar yake fitowa.

Injiniya Bashir: Abin da ya ja ni ɓangaren Malam shi ne aikin wani masani, Motojima, a Jami'ar Gifu ta Japan, wajen 1990. Ƙarfen nikel ya yi amfani da shi, kuma ɗan ɓurɓushin farar wuta a cikin iskar shi ke sa murɗaɗɗun su fito da yawa. Haka ma in aka haɗa baƙin ƙarfe da kuza ko ƙarfen indiyam. Ka taɓa ƙwayar kaɗan, siffar zaren ta sauya.

Hauwa: Yaya Bashir, abu biyu kake haɗawa. Na Motojima zaruruwa ne masu kauri, cikinsu a cike, kabon ɗinsu ma bai jeru sosai ba. A kansu na yarda da Malam ɗari bisa ɗari. Ni ina maganar siraran bututu masu rami, waɗanda bangonsu yake a tsare. A can ko ƙwayar ta yi ta tura gefe ɗaya, in saƙar ba ta karɓi zobba biyar da bakwai ba, ƙarfin lanƙwasar zai taru a bangon har ya tanƙware ko ya yage.

Malam Sani: Na karɓi rarrabewar da kika yi. Amma ko a siraran, nuna mini wanda ya nannaɗu daidai kamar sifirin ba tare da ƙwayar ƙarfe a bakinsa ba.

Hauwa: Zan nemo hotunan madubin lantarki, na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, kafin darasin Alhamis, mu duba bakin kowane zare tare.