Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Zambo Ne Ko Ma'auni?

Malamin makaranta, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Jiya na tambayi ɗalibaina ma'anar "wanzami ba ya son jarfa", kusan dukansu suka ce ana faɗarta ne ga wanda yake yi wa mutane abin da shi ba zai jure a yi masa ba, kamar mai yawan zolaya da yake ɗaure fuska da zarar an zolaye shi. Ban ce sun yi kuskure ba, amma Bahaushe bai zaɓi wanzami a banza ba. Wanzami gwani ne wanda iyaye suke miƙa wa jaririnsu ɗan kwana bakwai ranar suna alhali aska tana hannunsa. A ganina karin maganar tana ba duk mai wata baiwa ma'auni: kafin ya ɗora gwanintarsa a kan wani, ya tambayi kansa ko zai yarda a ɗora ta a fuskarsa. Ina neman gyaran manya.

Dattijo daga gidan wanzamai, Tudun Wada: Malam, ka taɓo gidanmu, domin na riƙe wa mahaifina zabira tun ina yaro. Jarfa ado ce, ba magani ba. Ana tsaga fata da bakin aska a shafa baƙi a ciki, kuma idan ta zauna ta zauna ke nan har kabari. Wanzami yana gudunta ne saboda ya fi kowa sanin zafinta, kuma ya san hannu yana iya zamewa. Wannan sanin shi ne ke sa wanzamin kirki ya sassauta hannunsa. Wanda bai taɓa tunanin aska a jikinsa ba, ban ba shi ɗana ya yi masa kaciya ba.

'Yar kasuwa, Kasuwar Bacci: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni ban yarda a wanke karin maganar nan ta koma yabo ba. Zambo ce, kuma da zambo muka gaje ta. A bara wani yaro da ya ƙware a harkar waya, wanda duk layinmu shi muke kai wa idan wani abu ya rikice, ya taimaki mahaifiyata ta buɗe asusu, ya haddace lambobin sirrinta, ya kwashe kuɗin adashinta kaf. Da aka kama shi aka karɓe wayarsa, kuka ya riƙa yi yana cewa an shiga sirrinsa. Wannan shi ne wanzamin da ake nufi, kuma sanin zafin askar bai sassauta masa hannu ba ko kaɗan.

Maƙeri, Panteka: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ma'aunin Malam ma yana da giɓi a wajenmu. Ƙarfe ɗaya, wuta ɗaya, guduma ɗaya, da su nake ƙera fartanya da lauje, da su kuma ake ƙera irin wuƙaƙen da 'yan daban da ake kira 'yan shara suke yawo da su a unguwanni. Idan na tambayi kaina ko zan so a yi mini abin da nake yi, amsar ita ce e, domin ƙira kawai na yi, ban sari kowa ba. Cutar tana zuwa ne daga hannu na biyu. Saboda haka idan matashi ya zo ya kwatanta mini wuƙar da ba ta yi kama da ta mahauci ko ta ɗakin girki ba, sai in ce masa aiki ya yi mini yawa, ko da ranar ban yi cinikin sisi ba.

Tsohon ɗan jarida, Malali: Maganar maƙeri ta fi shafar mu masu alƙalami da baki. Duk wanda yake garin nan na Kaduna a watan Nuwamban 2002 ya san cewa wasu 'yan layuka da aka buga a jarida a kan gasar sarauniyar kyau su ne suka zama sanadin rikicin da ya ci rayuka masu yawa, a garin da bai gama warkewa daga na shekarar 2000 ba. Magana zarar bunu ce, a nan ne ta yi kama da jarfa, domin dukansu biyun ba a mayar da su. Yanzu kuwa duk mai iya tsara zance yana da tasa jaridar a Facebook, babu edita a kansa. Na lura cewa waɗanda suka fi iya yi wa mutane tsaga da kalmomi su ne suke fara neman lauya idan aka taɓa su.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa: Ina da ja a kan wani ɓangare. Idan rashin son abu a jikinka shi ne ma'auni, to ni ma ba na son allura, amma kullum ina yi wa yara, suna tsala ihu. Zafi daban, cutarwa daban. Malamin da yake faɗa wa ɗalibi gaskiya mai ɗaci bai cuce shi ba.

Malamin makaranta, Unguwar Rimi: Na karɓi wannan gyaran, Yaya, amma ki lura da kalmar da aka zaɓa. Ba a ce wanzami ba ya son ƙaho ba, domin idan jikinsa ya yi nauyi shi ma yakan zauna a gaban ɗan'uwansa a kafa masa. Ke ma idan zazzaɓi ya kama ki za ki miƙa hannu a yi miki allurar. Jarfa aka ambata, wato yankan da ba lalura ce ta kawo shi ba. Abin da ban samu amsarsa ba shi ne na maƙeri. Baba, idan uwa ta kawo 'yarta da kanta ta ce a yi mata jarfa, yarinyar kuma tana kuka tana ƙi, me mahaifinku yake yi?

Dattijo daga gidan wanzamai, Tudun Wada: Yakan ce askar ba ta da kaifi yau, su dawo bayan sallah. Da yawa ba sa dawowa.