Ina kantunan sayar da ƙananan kayan haɗa na'urori suka shiga?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ina koyon haɗa ƙananan na'urori a gida, kuma tsofaffin littattafan da nake amfani da su kullum suna cewa a je RadioShack ko Maplin a sayo rezista (mai rage gudun wutar lantarki) da kafasita (mai tara wuta). Shin waɗannan kantuna suna nan kuwa? Idan babu su, a ina masu wannan sha'awa suke samun kayan aiki yanzu?

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam, ɗana. An kafa RadioShack a birnin Boston na Amurka a 1921 domin masu sha'awar rediyo, ya bunƙasa har ya mallaki dubban kantuna, amma daga baya ya karkata ga cinikin wayar salula, aka tura akwatunan ƙananan kaya can ƙuryar kanti. Ya bayyana karayar arziki a 2015, ya sake a 2017. Maplin kuwa ya fara ne a Ingila a 1972 da aika kaya ta gidan waya, kuma ya rufe kantunansa fiye da 200 a 2018, sai sunan da ya rage a intanet. A ganina dalilin ɗaya ne: da na'urori suka yi araha, kayan cikinsu kuma suka ƙanƙance har hannu ba ya iya yi musu dalma cikin sauƙi, mutane suka bar gyara suka koma sayen sabo, ribar rezista guda kuwa ba ta biyan kuɗin hayar kanti.

Injiniya Hajara: Baba ya yi bayani, sai dai zan ƙara da cewa ba duka suka durƙushe ba. Digi-Key, wanda Ronald Stordahl ya kafa a 1972 a jihar Minnesota, da Mouser, wanda wani malamin makaranta ya fara a 1964, suna nan da ƙarfinsu, domin sun dogara ne ga babban rumbun ajiya da aikawa, kuma masana'antu ne manyan abokan cinikinsu. Ga ɗan koyo kuma akwai SparkFun da Adafruit, masu haɗa kaya da darussa. Matsalarmu a nan ita ce kuɗin aikowa da na fito sukan ninka farashin kayan, shi ya sa ya fi kyau ku haɗu ku da yawa ku yi oda ɗaya.

Mai Dalma: Yawancinmu daga Sin muke saye, ta shafukan ciniki na intanet irin su AliExpress ko LCSC, ko kuma wajen 'yan kasuwar Sabon Gari da ke ɗauko kaya daga Legas. Rezista da waya ba su da damuwa, amma a yi hattara da manyan tiransista (masu ƙara ƙarfin sigina ko kunna wuta da kashe ta), domin jabu sun yi yawa. Idan ka fasa na jabu za ka tarar da ƙwayar cikinsa 'yar mitsitsiya ce, shi ya sa yake ƙonewa da zarar an ɗora masa nauyi, wani lokaci ma an kankare lambar asali ne an buga wata a kai. Ni dai ina ba ka shawara, ɗan'uwa, ka nemi matattun rediyo da talabijin wajen masu gyara, ka ciro kayansu ka auna da mitar gwajin wuta, amma ka bar manyan kafasita sai ka koyi yadda ake sauke wutar da suke riƙewa.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri. Idan akwai masu son mu haɗa oda, su yi magana a nan.