Shawarwarin da aka tattara kan rubuta labarin mashaya jini (matattun almara da ke tasowa daga kabari su sha jinin mutane) a zamanin da

1. Kusan kowa ya yarda a ɗaure labarin da wuri da shekara. Misali ƙauyukan Sabiya ƙarƙashin Ostiriya, 1725 zuwa 1732, inda jami'ai suka halarci tonon kaburburan waɗanda ake zargin mashaya jini ne, suka rubuta rahoto.
2. Mashayin jini ba ya tsufa, don haka sai ya riƙa sauya gari da suna duk bayan kamar shekara ashirin, yana gadon dukiyarsa da sunan ɗan ɗan'uwa. Hoto ya shigo a 1839, fasfo mai hoto kuma lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan dabarar ta yi wuya, kuma nan marubuta ke yawan tuntuɓe.
3. Kada a ce ya san kowane sarki.
4. An rabu kan yadda zai riƙa magana: wasu na son ya riƙe tsohon salo, wasu sun ce yana gundurar mai karatu.