Ni kaɗai na tsaya mata a zumunta, yanzu ni ake gudu

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. A Katsina nake, shekarata 9 a Zumuntar Mata. Akwai wata yarinya a majami'armu da ta yi ciki ba aure, dattawa suka sa ta horo. Ta tuba a gaban jama'a, ta cika lokacinta, Fasto ya mayar da ita cin jibin Ubangiji. Da ta nemi shiga zumunta, mata suka ce ba za su sa anko ɗaya da ita ba. Na miƙe na ce wanda Yesu ya wanke ba mu da ikon mayar masa da dauɗarsa. Ba wadda ta goyi bayana. Mako 3 ke nan ko gaisuwata da ƙyar ake amsawa. Surukata ta ce in je in ba su haƙuri, tunda ban fi su sanin Littafi ba. Zuciyata ta ƙi, amma kaɗaicin ya ishe ni. In janye ne?

Wani dattijo daga Malumfashi:
'Yata, buɗe 2 Korintiyawa 2:6-8. Akwai mutumin da ikilisiyar Koranti ta hora, sai Bulus ya rubuta musu cewa horon ya isa haka, su yafe masa, su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Horo magani ne, ba a ci gaba da ɗura wa wanda ya warke. Na zauna a kujerar dattawa, na ga yaran da muka rasa ta wannan hanyar. Ba zunubin ne ya kore su ba, kallon da ake musu ran Lahadi ne. Kada ki janye.

Wata mama daga Daura:
Ƙanwata, gaskiyarki ce, amma in tambaye ki: da wace murya kika faɗa? In kin kunyata iyaye a bainar jama'a, je ki nemi gafarar wannan kaɗai, maganar kuwa ki bar ta a inda take. Ki sami uwar zumunta a gida, ke da ita, kamar yadda Matiyu 18:15 ya koyar.

Wani malamin makarantar Lahadi:
Mama, yawan baki ba ya mai da magana gaskiya. Mutum 12 Musa ya aika leƙen asirin Kan'ana, 10 suka tsorata jama'a, Joshuwa da Kalibu kaɗai suka tsaya, har aka ce a jajjefe su. Cikin 12 ɗin su biyun ne suka shiga ƙasar. Ko Bitrus a Antakiya ya daina cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, don tsoron mutane, har Barnaba ya bi shi, sai da Bulus ya tsawata masa ido da ido. Ina jin akwai mata a zumuntarku da ke tare da ke, tsoro ne ya rufe musu baki.

Wata 'yar'uwa:
Ni ma an taɓa sa ni horo. Abin da ya riƙe ni tsohuwa ɗaya ce da ke matso mini a benci. Yaya, ki zauna kusa da yarinyar ran Lahadi.

Mai tambaya:
Na gode. Mama, gaskiya na ɗaga murya ranar. Gobe da yamma zan je gidan uwar zumunta. Yarinyar kuma na ce ta biyo ta gidana mu tafi sujada tare. Ku sa mu a addu'a.