Ƙanina zai tafi daji aikin soja, me zan sa masa a jaka?

Telan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina da muke ciki ɗaya ya gama horon wata shida a Defo, makarantar horar da sababbin sojoji da ke nan Zariya, an yi musu faretin yaye, kuma Arewa maso Gabas za a tura su, wajen rundunar Haɗin Kai. Tun da mahaifinmu ya rasu ni ne uba a wurinsa, ɗinki ne kuma sana'ata, abin hannuna ba yawa. Na san hukuma za ta ba shi kaki da but da kayan aiki. Ƙananan abubuwa nake tambaya, waɗanda ke rage wa mutum wahala a daji. Hajiyarmu ta dage sai an saya masa katifa da babban bargo da risho, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Don Allah waɗanda suka san daji ku ba ni shawara kafin in shiga kasuwar Sabon Gari.

Tsohon Saja, Basawa:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka ɗana, ya tsare yaron. Ni ma ta Defon nan na shiga aiki. Tun 1924 take yaye kurata, kuma har yau ƙafa da ciki su ne ke fara kayar da sabon soja.

Ka lallashi Hajiya ta bar maganar katifa. Duk abin da ka saya, a bayansa zai ɗauka, ga bindiga, ga harsasai, ga ruwa, ga hular kwano. Abin da ya yi nauyi a hanya zai bar shi.

Rabin kuɗinka ka zuba a safa. Ka je wajen 'yan gwanjo ka zaɓi masu kauri, masu haɗin ulu, dogaye har ƙwauri. Ka guji siraran nan masu santsi na zuwa ofis, kuma ta auduga zalla tana riƙe gumi. Ka gaya masa ƙafa ɗaya ta safa ta barci ce kawai, a ƙulle cikin leda, ba ya fita sintiri da ita ko da sauran duk sun jiƙe. In ya samu sarari ya cire but, ya wanke ƙafa, ya goge tsakanin yatsu har su bushe, ya barbaɗa hoda. Tsakanin yatsun nan ne ƙaiƙayi ke kamawa, fata ta yi fari ta tsage, sai ka ga ƙato yana ɗingishi. Ya riƙe filasta a aljihu: da ya ji wani wuri a dunduniya ya fara zafi, nan take ya manna, kada ya jira bororo ya fito. Da asuba kuma kafin ya zura ƙafa ya kife but ɗin ya kakkaɓe, kunama na son kwana a ciki.

Can Arewa maso Gabas zafi ya kan haura maki 40 a watan Afrilu, amma da hunturu sanyin asuba a ramin gadi har ƙashi yake shiga. Siririyar rigar sanyi da za ta shiga ƙarƙashin kaki, hular sanyi, man kaɗanya ko basilin don faso da leɓe, da yadi guda na rufe hanci saboda ƙura, sun ishe shi. Da damina kuwa leda ce sarki, komai nasa ya kasance leda cikin leda, musamman ashana da waya.

Tunda kai tela ne, ga aikinka: ka sake ɗaure masa duk maɓallan kakinsa, ka bi bakin aljihu da tsakiyar wando da ɗinki biyu, ka haɗa masa allura da zare kore da baƙi. Kada ka ba shi komai fari, ko mai ƙyalli, ko mai ƙara in ana tafiya.

Waya ƙarama mai madannai ta fi riƙe caji, ka haɗa da fawa bank da tocila ta goshi mai jan haske. Ka ja masa kunne sosai, ban da ɗora hoton inda suke a Facebook ko TikTok. Ran abokan aikinsa ne a ciki.

Ma'aikacin Jinya, Samaru:

Baba Saja ya gama maganar ƙafa, bari in taɓa ciki. Malam, ka sayo masa ƙullin gishiri da sukari na kemis, wanda ake ba mai gudawa, ba shi da tsada ko nauyi. In ya ƙare zai iya haɗawa da kansa: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ruwan da bai yarda da shi ba ya tace da ƙyalle, ya tafasa ya yi minti guda yana ɓararraka, ko ya jefa ƙwayar kulorin ya jira minti 30. Gidan sauro mai magani dole ne. Zazzaɓi in ya kama shi ya je wurin mai ba su magani, kada ya danne da farasitamol ya ci gaba.

Sai maciji, musamman kububuwa. In ta sari mutum ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin da igiya. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a kai shi inda ake da allurar kashe dafi.

Matar Soja, Sabon Gari:

Yaya, ku bar Hajiya ta yi abin da ta fi iyawa, hankalinta zai kwanta. Garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, ɗan kilishi da aka busar sosai, da yaji mai citta da daddawa a roba mai murfi. Maigidana kullum yajin nan yake fara tambaya, ya ce shi ke sa abincin babbar tukunya ya shiga. Amma Baba, a yi mini afuwa, ni ina ganin siririyar shimfiɗar soso da ake naɗewa ba ta cikin kayan nauyi. Ƙasa na zuƙe ɗumin jiki da dare.

Tsohon Saja, Basawa:

Gaskiyarki 'yata, wannan kam a saya, in dai za ta ɗauru a saman jaka.

Telan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai Baba, na gode jama'a, Allah ya saka da alheri. Yau da dare zan karɓi kakin in hau keke. Darduma fa, Baba? Hajiya ta ajiye masa tata ta Makka.

Tsohon Saja, Basawa:

Ta Makka ta zauna a gida. Ka yanko yadi mara nauyi mai duhun launi, ka kalmashe bakinsa, daidai wanda zai naɗe ya shiga aljihun cinya. Kafin ya tafi kuma ka kai shi wajen malami ya sake bita kan taimama da sallar ƙasaru, don zai buƙace su.