Kiwon Kajin Brahma: Yadda Muka Bambance Tsantsa da Ruwa Biyu

Mai buɗe zance, daga Kano:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwo. Wata biyar ke nan da na sayi 'yan tsaki shida waɗanda aka ce mini Brahma ne tsantsa, wato irin manyan kajin nan masu gashi a ƙafa, kuma kuɗin da na biya a kan kowane ɗaya ya isa ya saya mini babbar kazar Hausa har da canji. Biyu sun mutu tun makonnin farko, huɗu sun rayu, zakaru biyu da mata biyu. Abin da ya dame ni shi ne ɗaya daga cikin zakarun ya fito da zanko a tsaye mai tsini-tsini irin na zakaran gida, alhali na ɗan'uwansa gajere ne a kwance, ga shi kuma wanda ya sayar mini ya rantse cewa dukkansu uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan kiwo su faɗi abin da suka gani da idonsu, domin in san ko in ci gaba da tara iri daga waɗannan ko in haƙura in sake nema.

Dattijo, daga Zariya:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, amsar tambayarka tana cikin rantsuwar da mai sayarwar ya yi maka, domin idan da gaske uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, to iyayen nan biyu kowannensu yana ɗauke da jinin wata kaza daban. Ba lallai ne ya yi maka ƙarya da gangan ba, wataƙila shi ma haka aka sayar masa.

Zankon Brahma na asali gajere ne, jeri uku ne a kwance kusa da juna, na tsakiyar ya ɗan ɗara sauran tudu. Matsalar da ta ruɗe ni shekaru biyu cur ita ce wannan zanko yana rinjayar zankon tsaye wajen gado. Idan zakaran Brahma ya taka kazar Hausa, 'ya'yan da za a ƙyanƙyashe za su fito da gajeren zanko, yawancinsu kuma da gashi a ƙafa, saboda shi ma gashin ƙafar yana bin 'ya'ya da ƙarfi. Ke nan alamomi biyun da kowa ke dubawa a kasuwa su ne waɗanda ruwa biyu ke gādā tun daga haihuwar farko. Asirin ba ya tonuwa sai an haɗa ruwa biyun da juna, a nan ne kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu ke dawowa da zankon tsaye, kamar yadda ka gani a gidanka.

Abin da na yi da nawa zakaran shi ne na ware shi da kajin Hausa uku masu zankon tsaye, bayan na raba su da kowane zakara kusan wata guda domin kada ragowar wani ta shiga lissafi. Na tara ƙwai goma sha huɗu, goma sha ɗaya suka ƙyanƙyashe, biyar daga ciki suka fito da zankon tsaye, na kuwa san cewa zakaran da nake taƙama da shi ba tsantsa ba ne. Da a ce dukkansu sun fito da gajeren zanko, da na samu natsuwa a kan wannan siffa, ko da yake zanko kaɗai ba ya wanke kaza daga dukkan zargi. Gwajin yana cin wata biyu zuwa uku, amma ya fi sauƙi a kan mutum ya sayar wa jama'a 'yan tsaki da sunan tsantsa a zo ana yi masa sallama da ƙorafi.

Hajiya, daga Sakkwato:

Baba ya gama magana a kan iri, ni kuwa abin da zan ƙara shi ne ko da ka samu tsantsar, bazara ce za ta yanke hukunci a kan ko za ka ci moriyarta. Kaza ba ta yin gumi, tana rage zafin jikinta ne ta hanyar haki da kuma zanko da leɓe, ita kuwa Brahma zankonta ƙarami ne, jikinta babba, gashinta mai kauri har zuwa yatsu. A watan Afrilu na shekarar da na fara, na rasa zakara mafi girma da nake da shi tsakanin azahar da la'asar, yana cikin ɗakin kwano, alhali kajin Hausa da ke tsakar gida ɗaya da shi ko a jikinsu. Tun daga nan na sa aka yi musu rumfar zana a ƙarƙashin darbejiya, nake zuba musu ruwan randa sau uku a yini, nake yayyafa ruwa a ƙasa da tsakar rana, na kuma mayar da ba su abinci zuwa sassafe da bayan la'asar, saboda narkar da abinci yana ƙara musu zafi.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa mai saye. Ƙwan da suka yi mini a tsakiyar bazara ɓawonsa ba ƙwari, kuma da yawansa ba su da ɗa a ciki, don zakaran ba ya iya takawa yadda ya kamata idan zafi ya dame shi. Yanzu ba na tara ƙwan ƙyanƙyasa sai daga ƙarshen damina zuwa hunturu, amma fa hunturun shi ne lokacin da cutar Newcastle ke share kaji a unguwa, don haka ba na wasa da rigakafin Lasota, kuma duk kazar da aka kawo daga kasuwa sai ta yi mako biyu a keɓe kafin ta ga sauran.

Malam, daga Jos:

Hajiya, mu a nan Filato zafi bai cika damun mu ba, laka ce abokiyar gabarmu. Gashin ƙafarsu yana kwasar taɓo a damina, ya dunƙule a yatsu, idan aka bar shi ya jawo ciwo, kuma ƙananan ƙwarin da ke shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa suna samun maɓoya a cikinsa ba tare da mutum ya lura ba. Ina shimfiɗa musu ɓuntun shinkafa ko garin katako busasshe, ina duba ƙafafunsu duk mako. Sandar da suke hawa su kwana ma na sauke ta ƙasa sosai, bayan wani zakara ya kumbura a tafin ƙafa saboda dirowa daga sama da nauyinsa.

Game da auna inganci, ina ganin mai tambaya ya yi gaggawa idan yana son yanke hukunci a kan girma a wata biyar. An samar da wannan iri ne a Amurka daga manyan kajin da aka shigo da su daga tashar Shanghai ta ƙasar Sin a shekarun 1840, aka ba su suna daga kogin Brahmaputra, kuma sun yi tashe bayan da wani mai kiwo, George Burnham, ya aika wa Sarauniya Victoria ta Ingila guda tara a 1852. Ma'aunin da masu kiwo na Amurka suka sa shi ne zakara ya kai kusan kilo 5 da rabi, kaza kuma ta haura kilo 4, amma ba ya cika wannan jiki sai ya wuce shekara. Nawa da na ɗora a sikeli yana da wata goma sha takwas bai kai kilo 5 ba, kuma ban ɗauke shi a matsayin na banza ba, domin faɗin bayansa da faɗin kansa da yadda girarsa ta rufo ido duk sun yi daidai. Matan nawa ba su fara ƙwai ba sai da suka shiga wata na takwas. Wanda yake neman nama cikin sauri, kazar Noila mai saurin girma ta fi masa, ba sai ya wahalar da aljihunsa ba.

Mai kiwo, daga Maraɗi:

Gogewata kaɗan ce, amma ta shafi kwanci. Kazata ta Brahma ta kwanta a kan ƙwai goma, ta fasa huɗu da nauyinta kafin mako biyu. Daga baya na riƙa sa wa kazar gida ƙwan, bakwai ko takwas kawai saboda girmansu, ta kuwa fito da su lafiya a kwana 21, ta kuma fi uwarsu iya kare su daga shaho. Rage gashin da ke kewaye da mafitar kazar da na zakaran da almakashi shi ma ya ƙara mini yawan ƙwan da ke da ɗa.

Matashi, daga Kaduna:

Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in faɗi kuskuren da na tafka. Ni bidiyon wani ƙaton zakara daga ƙasar Kosovo da ya yaɗu a 2017 ne ya ja ni, na shiga neman duk kazar da ke da gashi a ƙafa. Abin da aka ba ni wani irin kaza ne daban mai suna Cochin, wadda ita ma ƙafarta gashi ne buzu-buzu, sai dai zankonta a tsaye yake, jikinta a dunƙule kamar ƙwallo, ba ta da tsayin Brahma. Karo na biyu na ga fara mai baƙin zane a wuya da baƙar wutsiya, na ce na dace, ashe wata kaza ce mai suna Sussex, wadda launinta ɗaya da farar Brahma amma ƙafarta fara ce fes babu gashi, alhali ƙafar Brahma rawaya ce kuma gashin yana sauka har yatsan waje. Yanzu ba na sayen tsako daga hoto, sai na je gidan na ga uwa da uba, in da hali in ga yayyen tsakon da suka girma, tunda kamar yadda Baba ya bayyana, a jikinsu ne ake ganin abin da iyayen suka ɓoye.

Mai buɗe zance, daga Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yanke shawarar cire mai zankon tsayen daga cikin masu iri, zai zauna har Sallah. Ɗan'uwansa kuwa zan yi masa gwajin da Baba ya yi idan ya isa taka kaza, na ma riga na ware kajin Hausa biyu masu zankon tsaye domin haka, kuma rumfar zanar da Hajiya ta ambata zan sa a kafa kafin Maris. Baba, saura tambaya ɗaya: su matan biyu, shin zan iya gwada su ta hanyar ba su zakaran gida, kuma ƙwai nawa zan tara daga kowacce kafin in amince da abin da ya fito?