Fanshon Baba daga Ingila yake zuwa, dole ne mu rubuta shi a takardar haraji?

Salamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya daɗe yana koyarwa a makarantar gwamnati a Ingila, bara ya dawo Katsina da zama. Fansho biyu ke shigo masa: na koyarwa, da na tsufa da ake ba wanda ya yi zubi a can. Muna neman takardar fili, aka ce sai da shaidar biyan haraji. Baba ya kafe, wai an riga an yanka a can, ba abin da zai rubuta. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Wani akanta, Ƙofar Kaura: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki lallaɓi Baba, bayyanawa daban, biya daban. Tunda a Katsina yake zaune, maganar ta hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ce, ba ta Abuja ba, kuma 31 ga Maris ne wa'adin kai bayanin kuɗin bara. Tun 1987 akwai yarjejeniya tsakanin Najeriya da Birtaniya don kada a yanki mutum sau biyu a kuɗi ɗaya, amma sai an nuna takarda take aiki. Fanshon nan biyu, ku rubuta kowanne a layinsa. Ku haɗa da P60 ɗinsa, wato takardar ƙarshen shekara da masu biyan fanshon ke bayarwa a can, ita ke nuna abin da aka yanka.

Wani daga Daura: Haba, wa ya san da kuɗin? Ku rufa wa kanku asiri.

Akanta: Yallaɓai, ta banki suke shigowa, da sunansa.

Wata Hajiya, GRA: 'Yata, inda muka sha wahala da na maigidana shi ne lissafin shekara. Tasu daga 6 ga Afrilu take zuwa 5 ga Afrilu, tamu Janairu zuwa Disamba, sai P60 ɗaya ta kama shekarunmu biyu. Wata-wata muka bi bayanan banki. Na tsufan kuma ba shi da P60, wasiƙar DWP, ma'aikatar fansho ta Birtaniya, za ku nema. Kuma kada Baba ya zauna jiran ƙarin da ake yi duk Afrilu, mazauna Najeriya ba a ƙara musu a na tsufan.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Hajiya, wannan ta ƙarshen sai dai Yaya ya faɗa masa, ni ba zan iya ba.